Kurakuran da Ke Ɓata wa Baƙo Ziyarar Birnin Stockholm

Mutum zai ce ya shirya zuwa Turai yawon buɗe ido: ya je wurin 'yan canji ya karɓo yuro, ya zaɓi rigar sanyi mai kauri a gwanjo, ya ɗaure kilishi na tsaraba. In Stockholm ya nufa, babban birnin Suwidin, to duk ukun nan akwai gyara a cikinsu.

A fara da kuɗin. Suwidin tana cikin Tarayyar Turai, amma ba ta kashe yuro, kuɗinta krona ne. Wanda ya gane haka ya canzo krona ɗin ma bai tsira ba, domin mutanen garin sun kusa daina taɓa takardar kuɗi. Shagunan shayi da yawa, da gidajen tarihi, har da banɗakin haya, kati kawai suke karɓa, kuma direban bas ba ya amsar kuɗi a hannu. Kana iya tsayawa da damin kuɗi a aljihu ka rasa mai sayar maka da burodi. Saboda haka kafin ka bar gida ka shiga bankinka ka tambaya ko katinka yana aiki a waje, da iyakar abin da za ka iya kashewa. Katin naira ya sha ba matafiya kunya a nan. Ka riƙe kati biyu daga bankuna daban, ɗaya na asusun dala in da hali, ka ajiye su wuri daban-daban.

Kilishin kuwa a bar shi gida. Dokar Tarayyar Turai ta hana matafiyi daga ƙasashenmu shiga da nama ko kayan madara a jakarsa, busasshe ne ko ɗanye. Dambun nama da man shanu duk hukuncinsu ɗaya.

Babban kuskuren da ya fi waɗannan, a ganina, shi ne zaɓen lokacin tafiya bisa arahar tikitin jirgi kawai. Mu da muka tashi a inda rana ke fitowa wajen shida ta faɗi wajen shida ko bakwai duk shekara, ba ma sa hasken rana cikin lissafin tafiya. A Stockholm shi ne kan lissafin. A ƙarshen Disamba rana ba ta fitowa sai kusan tara saura kwata, kuma kafin uku na yamma ta faɗi. Awa shida ke nan, sau da yawa ma a bayan gajimare. Wanda ya saba karyawa a natse ya fita sha ɗaya, awa huɗu ba su cika ba duhu zai rufe shi a titi. A ƙarshen Yuni kuma abin ya juye: rana na fitowa wajen uku da rabi na asuba, ba ta faɗuwa sai bayan goma na dare. In ganin gari da shiga jirgin ruwa ya kai ka, tsakanin ƙarshen Mayu da ƙarshen Agusta za ka je, ko da tikitin ya fi tsada. In kuwa dusar ƙanƙara kake marmarin gani, je ka a hunturu, amma ka tsara yawon waje da hantsi, ka bar gidajen tarihi sai yamma. Kuma riga guda mai kauri ba ta maganin sanyin can. Ana sa tufa hawa-hawa ne, ta ciki mai kama jiki, da suwaita, da ta waje mai tare iska, saboda cikin gine-gine da ɗumi sai ka riƙa cirewa. Takalmin da ba ya shan ruwa ya fi komai.

Wannan lamari na rana yana shiga har cikin salla, kuma mutane kaɗan ne ke tunaninsa kafin su sauka. A tsakiyar bazararsu jan shafaƙi ba ya gushewa daga sama har gari ya waye, shi ya sa manhajojin waya ke ba da lokutan Isha'i da Asuba masu saɓa wa juna. Kada ka tsaya gardama da waya, ka ɗauki jadawalin babban masallacin birnin, wanda ke unguwar Södermalm kusa da tashar Medborgarplatsen. An buɗe shi a 2000, a ginin da da can tashar lantarki ce. A Disamba kuma Azahar da La'asar da Magariba duk suna cikin kamar awa uku, ka shiga gidan tarihi ɗaya ka fito biyu sun wuce ka. Ka tambayi malaminka hukuncin kasaru da haɗa salla tun kana gida. Sannan a bakinmu alƙibla da gabas abu ɗaya ne. A Stockholm alƙibla tana kudu maso gabas, ta ma fi karkata kudu.

Akwai masu zuwa da burin ganin hasken nan mai launin kore da ke rawa a sararin sama. Ba a dogara da ganinsa a Stockholm. Wurinsa can arewa ne, su Kiruna da Abisko, tafiyar fiye da kilomita 1,000, kwana guda a jirgin ƙasa, kuma sai a watannin duhu. Haka nan a kiyayi ranar bikin tsakiyar bazara, Juma'ar da ta faɗo tsakanin 19 da 25 ga Yuni: mutanen gari ƙauye suke tafiya, shaguna da yawa a kulle, kamar Kantin Kwari ranar idi.

Biza ta Schengen ce, wato bizar bai ɗaya da ƙasashen Turai da yawa ke amfani da ita, har da Suwidin. Ana iya nema tun wata shida kafin tafiya, kada a bari sai saura mako biyu. Suna buƙatar inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000, da fasfo mai sauran wata uku bayan ranar dawowa, kuma ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta ita za ka nema wa, ba wadda aka ce maka ta fi sauƙi ba.

Da ka sauka, duba sunan filin jirgin tun wurin sayen tikiti. Arlanda ne babban filin, kilomita 40 arewa da gari. Akwai wani, Skavsta, da ake liƙa wa sunan Stockholm alhali yana nesa da kusan kilomita 100. Daga Arlanda jirgin ƙasa na Arlanda Express yana kai ka tsakiyar gari cikin minti 20, sai dai da tsada. Bas ɗin filin jirgi ya fi jinkiri amma kuɗinsa bai kai rabi ba. Tasi ce tarkon. Gwamnati ba ta ƙayyade kuɗin tasi a Suwidin, kowane kamfani da farashinsa, kuma duk wanda ya tsuga maka bai karya doka ba. Karanta takardar nan mai ruwan ɗorawa da ke manne a gilashin motar, ka yi ciniki ya faɗa kafin ka zauna.

Cikin gari kuma kuskuren shi ne haɗama. Birnin yana kan tsibirai 14, abin da taswira ta nuna maka kusa sai ka ga ruwa ya raba ku. Tsibiri ɗaya ko biyu a yini ya isa. Ka ba tsibirin Djurgården yini guda cur. Can ne jirgin yaƙin Vasa yake, wanda ya nutse a 1628 a fitarsa ta farko, bai yi tafiyar kilomita ɗaya da rabi ba, ya shekara 333 a ƙarƙashin ruwa aka ciro shi a 1961 kusan yadda yake. In abu ɗaya kaɗai za ka biya kuɗi ka gani, shi ne. Skansen na kusa da shi, tun 1891 ake tara tsofaffin gidajen ƙasar a can. Ƙaramin jirgin ruwan da ke kai mutane tsibirin daga tashar Slussen tikitin SL, kamfanin sufurin birnin, na bas da jirgin ƙasa yake karɓa, mai aiki minti 75, ba sai ka biya jirgin 'yan yawon buɗe ido ba. Tsohon gari, Gamla Stan, da fadar sarki mai ɗakuna sama da 600, rabin yini ya wadatar. Ka yi yawo a lungunansa, amma cin abinci ka haura Södermalm. Zauren da ake walimar kyautar Nobel kowace 10 ga Disamba, a Stadshuset, ginin majalisar birnin, ba a shiga sai da ɗan jagora a lokutan da aka tsara. Gidajen tarihi da dama ba sa buɗewa ranar Litinin in ba bazara ba, kuma shiga kyauta da ake yi a na gwamnati ta ƙare wa manya tun farkon 2023, ko da tsofaffin bayanai na cewa akwai.

Abinci mai nauyi a ci shi da rana. Gidajen abinci suna da abin da suke kira dagens lunch a ranakun aiki, daga wajen sha ɗaya zuwa biyu, ya fi na dare araha nesa ba kusa ba. Ruwan famfo ana sha, sayen na roba asara ce. Curin naman nan nasu da ya yi suna, köttbullar, galibi haɗin naman sa da na alade ne, sai ka tambaya. Kalmomi uku za ka haddace don karanta takardar abinci da kwalin kanti: fläsk, gris da skinka. Duk inda ka ga ɗayansu, alade ne.