Matakan Zuwa Madina Daga Makka Da Kuɗi Kaɗan

1. Kauce wa goman ƙarshe na azumi da lokacin aikin Hajji. Kuɗin mota da na masauki kan yi tashin gwauron zabi.

2. Idan aljihu ya yi sanyi, hau bas. Tafiyar kusan kilomita 450 ce, awa 5 zuwa 6. Ɗauki ta dare, ka tsira da kuɗin kwanan otal guda. Riƙe bargo, sanyin na'ura ba ya wasa.

3. Jirgin ƙasa na Haramain, wanda ya fara aiki a 2018, yakan kai ka cikin kamar awa biyu da rabi daga tashar Rusaifa da ke Makka. Yanki tikiti da wuri ta manhajarsa, da lambar iƙama (katin zama a Saudiyya) ko fasfo, ka zaɓi kujerar talakawa. Kada ka jibgo kaya, akwai iyaka.

4. Nemi masauki nesa kaɗan da Haramin Madina, ku haɗa kuɗin ɗaki ku huɗu. Izinin shiga Rauda kuwa kyauta ne a manhajar Nusuk, kada wani ɗan kamasho ya karɓe maka ko riyal ɗaya.

5. Mai dawowa Makka da niyyar Umra ya ɗaura harami tun kafin ya shiga jirgin ƙasa, don ba ya tsayawa a miƙatin Zulhulaifa.