Yadda Ake Shiga Aikin Ba Kamfanoni Shawara kan Dabarun Kasuwanci

Kamfanoni uku ne suka fi suna a wannan fage, wato McKinsey da BCG da Bain, kuma McKinsey da BCG suna da ofis a Legas. Wanda ya kammala digirin farko yakan fara a matsayin mai nazari, inda zai yi shekara 2 zuwa 3 yana tace alƙaluma a Excel yana tsara su a PowerPoint, sau da yawa har dare ya raba. Ba dole ba ne ya karanta tattalin arziki, domin injiniyoyi da likitoci ma suna shiga muddin sakamakonsu ya yi kyau.

Inda aka fi faɗuwa shi ne ganawar gwaji, don haka a nan ya kamata ka zage damtse. Za a ba ka matsala, misali kamfanin siminti da ribarsa ke raguwa, a ce ka gano dalili cikin kusan rabin sa'a. Ka fara da raba matsalar gida biyu, kuɗin shiga da kuɗin kashewa, ka nemi alƙaluman da kake buƙata, ka yi lissafin da hannu ba da kwamfuta ba, sannan ka faɗi shawararka kai tsaye. Karatu kaɗai ba zai wadatar ba, sai ka samu aboki kuna yi wa juna tambayoyi da baki.

Bayan matsayin mai nazari, matakan su ne mai ba da shawara, manajan aiki, har zuwa mai hannun jari a kamfanin. Wanda bai samu ƙarin girma a kan lokaci ba akan nemi ya tafi, kuma da yawa sukan koma bankuna, kamfanonin sadarwa ko hukumomin gwamnati.