Yadda nake nazarin waƙar da aka rubuta da Sakkwatanci

Ɗalibaina a Tudun Wadar Kaduna sun saba da Hausar littafi, don haka abu na farko da nake hana su shi ne "gyara" waƙar. Ka bar ta yadda mawaƙin ya furta ta, ka rera ta da ƙarfi kafin ka taɓa biro.

Fara da amsa-amo, wato sautin da ke maimaituwa a ƙarshen layukan waƙa, shi ya fi sauƙi. Duba gaɓar ƙarshe ta kowane baiti, wannan shi ne babba. Wanda ke ƙarshen ɗangwaye, wato layukan cikin baiti, shi ne ƙarami. Idan Basakkwace ya rufe baiti da "tahi", amsa-amonsa "hi" ne. Ka mayar da ita "tafi", ka rusa masa gini.

Kari, wato ma'aunin waƙa, shi ne ke cin lokaci. Yanka ɗango gaɓa-gaɓa: baƙi da gajeren wasali gaɓa ce marar nauyi, mai dogon wasali ko wadda baƙi ya rufe kuwa mai nauyi ce. Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, kunne za ka bi. A "da ya tafi", "ya" ba ta da nauyi, amma a "da yat tahi" ta yi nauyi, kuma da wannan furucin ne mawaƙin ya auna. Marar nauyi ɗaya, masu nauyi biyu, suna ta maimaituwa, karin da ake kira Mutaƙarab ke nan. Ni da tafin hannu nake ƙirgawa a kan tebur, yara na dariya.

Yanayi kuma kada ka ce "baƙin ciki" kawai ka wuce. Nuna kalmomin da suka kawo shi, ka faɗi ko gargaɗi ne, zambo ko bege.