Yadda ake ƙidayar tumakin dutse a bakin ruwa

Idan za ka shiga ƙidayar tumakin daji masu manyan ƙaho a gandun Anza-Borrego da ke kudancin Kalifoniya, fara shirya wa rana kafin ka shirya wa tumaki. Tun 1971 ake yin aikin a farkon Yuli, lokacin da zafi kan haura digiri 43. Da gangan aka zaɓi lokacin, domin ƙishirwa ce ke sauko da su daga kan duwatsu zuwa 'yan maɓuɓɓugan da suka rage. Ɗauki ruwa fiye da yadda kake zaton za ka sha, da rumfar yadi, da madubin hangen nesa.

Ka isa wurinka tun da sassafe. Zauna nesa da ruwan, a gefen da iska ba za ta kai musu warinka ba. Na taɓa matsawa kusa don in gani da kyau, sai ga garke ya tsaya cirko-cirko a saman dutse, suka ƙi saukowa har na tattara na ja baya. Ranar na hana su sha, takardata kuma fayau.

Da sun sauko, kada ka tsaya ga jimilla. Rarrabe su: raguna, tumaki mata, 'yan shekara guda, da 'ya'yan bana. Babban rago ba ya ɓuya, ƙahonsa ya naɗe kamar gammo. Inda ake shan kunya shi ne saurayin rago, don ƙahonsa kan yi kama da na tunkiya. Dubi gindin ƙahon, na namiji ya fi kauri. In akwai abin wuya mai na'ura ko alama a kunne, rubuta launi da lamba. Ƙaho mai karyayyen baki ma ka zana shi, kada gobe ka ƙirga rago ɗaya sau biyu.

Ni dai a ganina, 'ya'yan su ne zuciyar aikin. Ciwon huhu ne babban makashin waɗannan dabbobi, kuma ƙwayar Mycoplasma ovipneumoniae ce ke buɗe masa ƙofa. Asalinta daga tumaki da awakin gida take. Tunkiyar da ta warke tana iya ci gaba da ɗauke da ita a hanci, ta shafa wa 'ya'yan garke shekara bayan shekara. Saboda haka kasa kunne. Tarin nasu busasshe ne, a cikin shirun kwazazzabo ana jinsa daga nesa. Duba majina, da kunne da ya langaɓe, da ɗan da ke jan ƙafa a bayan uwarsa. Garke cike da uwaye amma 'ya'ya ɗaiɗai, ja layi ƙarƙashinsa a takarda.

Adadin tumakin dutse na wannan yanki ya ragu zuwa kusan 300 a tsakiyar shekarun 1990, har Amurka ta sa su cikin dabbobin da ke dab da ƙarewa a 1998, shi ya sa masu bincike ke ɗaukar ko wane layi da muhimmanci. Abin da ba ka tantance ba, rubuta cewa ba ka tantance ba. In ka wuni ba ka ga ko ɗaya ba, rubuta sifili, tare da lokacin da ka zauna da lokacin da ka tashi.