Yadda Za Ka Kafa Rauta a Ƙauye Ta Kama Sabis Sosai

1. Kafin ka kashe kuɗinka a kan rauta (na'urar da ake sa wa layin waya ta raba intanet ga wayoyi), ari wayoyin maƙwabta ka gwada layin MTN, Airtel da Glo a cikin gidanka. Wanda ya nuna 4G ya tsaya cak, shi za ka saya, ka haɗa shi da NIN.

2. Nemo inda turken sabis mafi kusa yake. Ajiye rautar a tagar da ke fuskantarsa, sama-sama. Kada ka cusa ta ƙuryar ɗaki, domin rufin kwano da katanga mai kauri suna cinye sabis. Riƙa matsar da ita kaɗan-kaɗan, kana jiran kamar minti ɗaya, har fitilunta masu nuna ƙarfin sabis su cika. Nan ne ake bukatar haƙuri. Wani lokaci taku biyu kawai ya raba ka da sabis mai ƙarfi.

3. Idan har yanzu tana jan ƙafa, ɗaura eriya a dogon ƙarfe a waje, amma wayar da za ta haɗa eriyar da rautar kada ta yi tsawo.

4. Jona rautar da ƙaramin batirin sola.

5. Sauya kalmar sirrin da ke manne a bayanta, in ba haka ba samarin majalisa za su shanye maka data. Da damina kuwa, hadari na tasowa ka zare wayar eriya saboda tsawa.