Yadda na gyara teburin da ke ninka ginshiƙai

Kwana biyu ina fama da wani ɗan rubutun PHP (yaren shirya manhajar yanar gizo) mai ɗauko bayanai daga rumbun bayanai na MySQL ya jera su a teburin HTML, wato tebur a shafin yanar gizo. Ginshiƙai 4 na nema, amma 8 ke fitowa, kowace ƙima sau biyu. Na zargi tambayar SQL da nake aika wa rumbun, na sake rubuta ta har sau uku, ashe ba ruwanta.

Laifin na mysqli_fetch_array ne, umarnin PHP mai ɗauko layi ɗaya-ɗaya daga sakamakon tambayar. Idan ba ka faɗa masa yadda kake so ba, yakan dawo da kowane layi ta fuska biyu, da lamba da kuma sunan ginshiƙi. Ni kuwa foreach, mai bin ƙimomi ɗaya bayan ɗaya, nake bi da shi, sai ya kwashe duka. Da na koma mysqli_fetch_assoc, mai dawo da layi da sunan ginshiƙi kawai, ninkin ya ɓace nan take. Kan teburin ma, wato jerin sunayen ginshiƙai, da umarnin array_keys na ciro shi daga layin farko, na huta da rubuta sunaye da hannu.

Sai wata ta ɓullo: wani layi na ɗauke da alamar <, burauza ta ɗauka umarni ne, ta haɗiye rabin rubutun. Wannan ta fi ba ni tsoro, domin ta nan mugu ke cusa JavaScript, umarnin da burauza ke aiwatarwa. Yanzu kowace ƙima sai ta bi ta htmlspecialchars, mai mayar da irin waɗannan alamomi rubutu zalla, kafin ta shiga td, wato gurbin tebur.

NULL kuma, wato rashin ƙima a rumbun, gurbi yake bari fayau, ba ka bambance shi da rubutun da babu komai a ciki. Na sa is_null ya duba, in ya same shi ya rubuta "babu".