Yadda ake gane ko bita ta yi amfani ko kuwa an dai taru an watse

Na sha ganin haka. A yi kwana uku ana bita, ranar ƙarshe a raba wa mahalarta fom su cike, kowa ya rubuta cewa ya ji daɗi kuma malamai sun yi ƙoƙari, a ɗauki hoto, a ba da takardar shaida. Washegari sai a rubuta rahoto cewa an samu gagarumar nasara. Idan ka tambayi wanda ya rubuta rahoton da me ya auna nasarar, sai ya ɗauko maka fom ɗin nan. Abin da fom ɗin ya nuna kawai shi ne mutane sun ji daɗin zama. Ko sun koyi wani abu, ko za su yi aiki da shi, wannan magana ce daban.

Tun a 1959 Donald Kirkpatrick, wani malamin Jami'ar Wisconsin a Amurka, ya kasa awon horaswa gida huɗu: yadda mahalarta suka ji, abin da suka koya, abin da ya sauya a yadda suke aiki, sai kuma abin da ma'aikatar ta ƙaru da shi. Masu sabon shiga kusan duk a na farko suke tsayawa, domin shi ne mai sauƙi kuma shi ne mai daɗin karantawa. Ga yadda nake bi.

Da farko, tun kafin a sa ranar bita, ka rubuta abin da kake so mutum ya iya yi bayan ya fita. Ni na haramta wa kaina kalmomi biyu a nan, wato "fahimta" da "wayar da kai", saboda babu ma'aunin da ke kama su. Robert Mager, wani masanin tsara koyarwa, ya yi bayani a 1962 cewa manufa mai kyau tana faɗin aikin da za a gani da ido, da yanayin da za a yi shi, da kuma ƙa'idar da za a ce ya yi daidai. Kada ka rubuta "ma'aikatan lafiya su fahimci awon jini". Ka rubuta "ma'aikaci ya auna hawan jinin mutum uku a jere ba tare da an gyara masa ba". Idan manufar ta gagare ka rubutawa a haka, to bitar ma ba ta nuna ba tukuna.

Mataki na biyu shi ne gwajin farko, kuma a nan ne na taɓa faɗuwa. An ba ni aikin duba wata bita da aka shirya wa malaman makaranta kan koyar da karatu. Na tsara gwaji mai kyau na ranar ƙarshe, kusan kowa ya ci maki mai yawa, na rubuta cewa bitar ta yi. Bayan an tashi wata malama ta same ni ta ce, "Malam, ai yawancin abin nan mun daɗe muna yi a aji." Na koma na zauna da takardun, na ga ba ni da ko hujja ɗaya da zan ce makin nan daga bitar ya fito. Ban san inda suke ba kafin su shigo, don haka ban san nisan da suka yi ba. Kuma wannan kuskure ba ya gyaruwa, domin ranar farko ta riga ta wuce.

Saboda haka ka gwada su kafin malami ya buɗe baki. Ba bayan jawabin buɗe taro ba, ba bayan darasin safe ba. Gwajin ya taɓa manufofin da ka rubuta ɗaya bayan ɗaya, kuma inda manufar ta aikin hannu ce, a sa mutum ya yi aikin a gani. Ka shirya gwaji biyu masu nauyi ɗaya amma tambayoyin ba iri ɗaya sak ba, ɗaya na farko ɗaya na ƙarshe, don kada haddar amsa ta zama kamar ilimi. Ka ba kowa lamba ya riƙa rubutawa maimakon suna, yadda za ka iya haɗa takardarsa ta farko da ta ƙarshe. Wannan lambar tana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Idan mutum arba'in suka fara, talatin suka gama, kuma waɗanda suka gudu su ne masu rauni, matsakaicin maki zai tashi ko da babu wanda ya koyi komai. Sai ka kwatanta waɗanda suka yi gwajin duka biyu kaɗai.

Ka gaya musu a fili cewa gwajin ba shi da alaƙa da ƙarin girma ko albashi. In ba haka ba za su leƙa takardar juna, makin farko ya kumbura, bitar da ta yi amfani ta fito kamar ba ta yi ba. Kuma ka guji tambayar nan ta "kana ganin ka iya kaza?" a matsayin gwaji. Wanda bai san abu ba sau da yawa bai san girman abin da bai sani ba, sai ya ba kansa maki mai yawa. Bayan bita idonsa ya buɗe, ya rage wa kansa maki, kai kuma ka ɗauka ya ci baya.

Akwai wani tarko kuma. Idan waɗanda suka fi kowa faɗuwa a wani gwaji ne aka zaɓo don bitar, makinsu kan ɗan tashi a gwaji na gaba ko ba a koya musu komai ba, domin wasunsu rashin sa'a ce ta jefa su ƙasa a ranar. Maganin wannan shi ne rukunin kwatance, wato mutanen da ba su shiga bitar ba amma aka yi musu gwajin. Hanya mafi arha: waɗanda za su shiga zagaye na gaba, ka ba su gwajin biyu a lokaci ɗaya da 'yan zagayen farko. Ba ka hana kowa bita ba, ka dai sa wasu sun jira. Duk wannan mataki bai wuce rabin sa'a da 'yan takardu ba, kuma idan mahalarta na da waya, manhajojin cike fom irin su Google Forms ko KoboToolbox sun ishe ka. Wanda ya ce babu kuɗin gwajin farko bai yi lissafi ba ne.

Na uku, fom ɗin ranar ƙarshe. Kada ka jefar da shi, amma ka rage shi. Tambaya uku sun isa: me za ka fara yi da shi a wurin aiki, me zai hana ka, wane darasi ne ɓata lokaci. Kada malamin da ya koyar ya zama shi ke karɓa.

Na huɗu, ka koma bayan wata biyu zuwa uku. Hermann Ebbinghaus, wani masanin halayyar ɗan Adam, ya nuna tun 1885 cewa abin da aka haddace yana zubewa da sauri a kwanakin farko, don haka sau da yawa makin ranar ƙarshe shi ne mafi yawan da za ka gani. Ka je wurin aikin da jerin abubuwan dubawa, ka zauna ka kalla, ka duba rajista da kundin aiki, ka yi magana da shugaban sashen. Mutum yakan gyara aikinsa in ya san ana kallonsa, shi ya sa na fi yarda da takardun da aka cike kafin zuwana. In ka tarar ba a aiki da abin da aka koya, ka tambayi dalili kafin ka ɗora wa bitar laifi. Sau da yawa kayan aikin ne babu, ko shugaba bai yarda a sauya tsari ba. In lokaci ya ƙure, ka bi dabarar Robert Brinkerhoff, wani masanin awon horaswa: ka zanta da 'yan kaɗan da suka fi kowa amfani da bitar, da 'yan kaɗan da ba su taɓa ta ba sam.

Na biyar, riba ga ma'aikata. Ka zaɓi adadi ɗaya ko biyu da dama ana tattarawa, kamar yawan kurakurai, ƙorafi, ko makin ɗalibai, ka kwatanta kafin da bayan. In masu ba da kuɗi sun nemi lissafi, tsarin Jack Phillips, masanin lissafin ribar horaswa, shi ne a cire kuɗin da aka kashe daga ribar, a raba da kuɗin da aka kashe, a ninka da 100. Ka sa albashin kwanakin da ma'aikata suka bar aiki a cikin abin da aka kashe, yawanci shi ake mantawa. Rahoton kada ya wuce shafi biyu, darasin da bai yi ba a faɗi sunansa, kuma a miƙa shi kafin a tsara zagaye na gaba.